Mai Tsintsiya da Hoton Mai Famfo

Kafin a buɗe ƙofar laburaren unguwarmu, ita ta riga ta shiga. Za ta rataye jakarta a bayan kujera, ta tuɓe takalman waje ta zura silifas ɗin da take ajiyewa a ƙarƙashin tebur, ta yaye labule, sannan ta bi kwamfutocin ɗakin ɗaya bayan ɗaya tana kunnawa. Ta kusa da taga sai an ɗan bubbuga mata gefe take farkawa, ta lungu kuma linzaminta ba ya jin magana sai an shimfiɗa masa kwali. Duk ta san halinsu kamar 'ya'yan da ta goya. Idan suka gama kamawa, sai ta zauna gaban kowace, ta buɗe burauza, ta shiga saiti, ta goge abin da jiya ta bari. Wannan aikin shi take kira shara. Duk wanda ya yi sammako ya zo yana ƙwanƙwasa gilashi, amsa ɗaya yake samu: "Ban gama shara ba tukuna." Daga nan sunan Mai Tsintsiya ya bi ta, har akwai masu zuwa kullum da ba su san tana da wani suna ba.

A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. An liƙa sanarwa a allon ƙofa cewa za a yi ɗan taro, kuma na ji agogon bango za a ba ta. A cikin sanarwar an yaba mata da cewa ta kula da kayan aiki. Kayan aiki fa. Da na karanta sai da raina ya ɓaci, na ce wallahi ba za a sallami matar nan da agogo da layi ɗaya ba, alhali waɗanda suka ga abin da ta yi suna nan da ransu, bakinsu kuma bai mutu ba.

Wanda bai san sharar tata ba, ga yadda take bayaninta ga duk wanda ya zauna kusa da ita. "Burauzar nan da kake shiga intanet da ita, son sauƙi gare ta. Ka buɗe shafi yau, sai ta kwashi hotunansa ta cusa a aljihu. Gobe ka dawo, maimakon ta je ta ɗauko maka sabo, sai ta zaro na aljihu ta miƙa maka. Ba mugunta take yi ba, sauri take nema maka. Amma idan an canja abu a can, kai tsohon za ka yi ta kallo, kana rantsuwa da idonka ka gani." Da haka ta ceci ɗalibar da ta kusa zuwa jarrabawa a ranar da aka riga aka sauya, da haka ta hana wani tsoho tafiyar banza asibiti a sa'ar da aka daina ganin marasa lafiya. Kuma tana da doka ɗaya da ba ta taɓa karyawa ba: ba ta taɓa wayar mutum. Za ta tsaya a kanka, ta ce danna nan, shiga nan, amma yatsanka ne zai yi aikin. In ka yi mita ta ce, "In na yi maka yau, gobe ma ni za ka nema, ni kuwa ba kullum nake nan ba."

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne maganar mai famfo.

Kowa a unguwa ya san shi. Mutum ne da mata ke barin wa mabuɗin gida su tafi aiki, su dawo su tarar an gyara bututu, an goge ƙasa, an mayar da mabuɗi ƙarƙashin tukunyar fure. Sana'arsa duka a kan amana take tsaye. To, a wata shekara sai wani ɓarawo ya addabi unguwa, yana shiga gidaje da sunan gyaran ruwa yana kwashe abin da ya samu. Kyamarar wani gida ta kama fuskarsa. Ƙungiyar mazauna unguwa tana da shafi a intanet, sai ta sa gargaɗi: ku yi hattara da wannan mutumin. Sakataren ƙungiyar, ɗan sa kai ne mai yawan gaggawa, yana da hotuna biyu a wuri ɗaya a kwamfutarsa: na ɓarawon, da na mai famfonmu wanda aka tanada don shafin amintattun masu sana'a. Hannunsa ya ɗauko wanda bai kamata ba. Kafin rana ta take, kusan babu wayar da ba ta buɗe shafin ba.

Da la'asar sakatare ya gane ɓarnar da ya yi, ya cire hoton ya sa na gaskiya. Sai dai a gurbin na farko ya sa shi, da suna iri ɗaya, don haka burauza ba ta ga dalilin sake ɗaukowa ba. Duk wanda bai taɓa buɗe shafin ba, fuskar ɓarawo yake gani. Duk wanda ya buɗe da safe, wato duk wanda ya riga ya yarda, in ya koma ya duba, mai famfo yake sake gani yana masa murmushi a ƙarƙashin kalmar ɓarawo.

Bayan kwana biyu mai famfo ya shigo laburare, ido jawur, bai ko yi sallama da kyau ba. Ya ce, "Malama, so nake ki buga min wani shafi a takarda. Sakatare yana ta rantsuwa ya cire, ga shi kuwa a wayata. Zan kai musu su gani."

Ta zaunar da shi gaban kwamfutar da ta share da safe, ya buɗe shafin. Wata fuska ce daban, ta wani siriri mai hula. Ya kalli kwamfuta, ya kalli wayarsa, ya sake kallon kwamfuta. Ya ce, "Malama, ko dai kaina ne ya taɓu?"

"Kanka lafiya lau. Wayarka ce take ba ka na aljihu." Ta ja kujera ta zauna kusa da shi. "Shiga saiti. Nemo wurin goge bayanan bincike. Tsaya, kar ka yi gaggawa. Cire alamar nan ta kan kalmar sirri, in ba haka ba ka fita daga duk asusunka ka zo kana zagina. Ka bar ta hotuna da fayilolin da aka ajiye kawai. To, danna."

Ya danna, ya koma shafin. Fuskarsa ta tafi. Mutumin nan ya yi wata irin dariya mai haɗe da hawaye, ya miƙe zai fita yana godiya. Ita kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ƙanena, zauna. Wayarka kaɗai muka share. Ta maƙwabcinka tana nan yadda take, haka ta matar da ta hana ka shiga gidanta jiya." Ya koma ya zauna a hankali.

A ranar ta je ta samu sakatare. Ta ce ya canja wa hoton suna, ko ƙungiya ta fito ta ba da haƙuri a fili. Ya ce wanda ya gina musu shafin ya yi tafiya ba a samunsa, shi kuma gurbi ɗaya kawai aka koya masa sa hoto. Maganar ba da haƙuri kuwa, kwamiti ya zauna ya ce an riga an gyara, tayar da zancen zai jawo hankalin waɗanda ba su ma gani ba. Ta dube shi ta ce, "Ɗana, wato kunyar kwamiti ta fi mutuncin mutum nauyi ke nan. To ku riƙe kunyarku. Ni zan bi wayoyin."

An fara gwada aika saƙo a zauren hirar unguwa na waya, ana bayanin yadda ake gogewa. Ba wanda ya kula. Wasu ba su karanta ba, wasu suka ce dabara ce ta wanke ɓarawo, wasu kuma tsoro suke kar su danna wani abu hotunansu su salwanta. Sai ta ce to, ƙafa za ta yi aikin.

Shugaban laburare ya kira ta ofis da ya ji labari. Ya ce, "Aikin laburare a ƙofar laburare ya tsaya. Ba na son a sa sunanmu a rigimar unguwa."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, hutun cin abincin rana nawa ne, ƙafafun ma nawa ne." Ta cire katin aikin da ke rataye a wuyanta, ta sa a aljihun tebur a gabansa. "Ga sunanku nan na bar muku. Zan dawo in ɗauka in hutu ya ƙare."

Haka ta yi ta yi, rana bayan rana, mace mai ciwon gwiwa tana hawan benaye da tsakar rana, cikinta babu komai sai ruwan da ta ɗura a gora. Mai aski ya ba ni labarin zuwanta shagonsa. Ya ce tana shigowa ta ce kowa ya fito da wayarsa, kamar malamar makaranta ta kama masu satar amsa. Wani da ake yi wa aski, rabin kansa da kumfa, ya ce shi da idonsa ya gani, kuma yanzu ma ga shi. Ta ce, "Na yarda ka gani. Goge ka sake gani, in fuskar tana nan ni zan roƙe ka gafara a gaban mutanen nan." Ya goge, ya duba, sai ya ce wa mai aski ya yi sauri ya gama. Daga ranar mai aski ya ɗauki abin a kansa, duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya share waya kafin a sa masa reza.

Ba ko'ina aka karɓe ta ba. Matar mai kanti ta rufe mata ƙofa a fuska, ta ce ita ba a kawo mata iyayi. Washegari Mai Tsintsiya ta koma, ta sayi sabulu, ta tsaya tana jiran a sallami mutane, ta sake ɗauko zancen. Wata dattijuwa a hawa na sama ta ƙanƙame wayarta a ƙirji tana cewa, "Za ki goge min jikokina." Sai da ta zauna da ita a bakin gado, suka kalli hotunan jikokin kaf, da mai haƙori biyu da wanda ya fara tafiya, sannan ta nuna mata cewa wurin da za a share daban, jikoki daban. Akwai kuma waɗanda suka ɗauki hoton allon wayarsu suka adana tun ranar farko. Waɗannan ta ce musu gaskiya, shara ba ta kai nan, sai dai mutum ya ji kunya ya goge da kansa.

Sannu a hankali aiki ya fara dawo wa mai famfo. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sai ga matarsa ta shigo laburare wata safiya, ta tsaya a bakin tebur tana murza gefen mayafi. Ta ce, "Anti, tashi za mu yi. Ya riga ya yi magana da mai mota, jibi za a kwashi kaya."

"A kan me? Ba an fara kiransa aiki ba?"

"Yayansa ne. Maigidana ya ce ko duk duniya ta dawo ta yarda da shi, in dai Yaya na masa kallon ɓarawo, ba zai iya zama layi ɗaya da shi ba."

Yayan nan shi ya raini mai famfo bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon sana'a. Yana da shagon kayan gini a bakin titi, kuma a ɗakin bayan shagon mai famfo yake ajiye kayan aikinsa. A safiyar da hoton ya fito, a gaban leburori da masu ciniki, Yaya ya ce shi ba shi da ƙane ɓarawo, ya karɓe mabuɗin ɗakin ya rataye a ƙusa. Tun daga ranar ko gaisuwar ƙanen ba ya amsawa.

Da hutun rana ya yi, Mai Tsintsiya ta sa katinta a aljihun tebur ta nufi shagon. Ta sami Yaya a bayan kantar shagon, mutum mai jiki da furfura a gemu. Suka gaisa a mutunce. Tana ɗauko zancen ya zaro wayarsa, ya buɗe shafin, ya juyo mata da shi. "Ga shi nan, Malama. Ni ba na aiki da ji-ta-ji-ta."

Ta nuna masa tata wayar. Ya ce wannan kuma ita ta san abin da ta yi mata. Ta ce to ya shiga saitin tasa da hannunsa, ita ko taɓawa ba za ta yi ba. Ya ce ba zai shiga ba, wayarsa lafiyarta ƙalau. Ta duba gefe, ta ga bokitin fenti a rufe, ta jawo ta zauna a kai, ta miƙe ƙafar da ke mata ciwo.

"Malam, ni fa ba inda za ni."

"Ba ki da aiki ne?"

"Ina da shi. Yanzu haka lokacin komawata yake wucewa, kuma na san abin da zan tarar. Amma jibi ƙanenka zai loda kaya ya bar garin nan saboda hoton da babu shi a ko'ina sai a aljihun wayarka. Ka sallami masu cinikinka, ina jira."

Ya yi kamar ba ta wurin. Ya auna wa wani ƙusa, ya yi faɗa da wani a kan bututu, ya ƙirga kwalaye da ba su buƙatar ƙirgawa. Ita tana zaune. Da shagon ya yi shiru, sai ya dawo ya dafa kantar shagon da hannu biyu, ya yi magana ƙasa-ƙasa ba tare da ya dube ta ba.

"Malama, na sani. Mai aski ya nuna min tun makon jiya."

"To me ya hana ka?"

"A gaban mutane na faɗa. Yaron da na goya a kafaɗata, na kira shi ɓarawo a gaban leburori. Duk safiya sai na buɗe shafin nan, in na ga fuskarsa sai in ce wa kaina ai ga shi, ban yi ƙarya ba. In na goge, da wane baki zan je masa?"

Ta daɗe tana kallonsa, tausayinsa ya kama ta, amma ba ta sassauta ba. Ta ce, "Wannan kam ban san saitinsa ba, Malam. Shara kawai na iya. Abin da na sani shi ne yana can yana ɗaure katifa da igiya, kuma ba kwamiti yake jira ba, kai yake jira."

Ya ɗauki wayar. Ya ce, "Ina ne?" Ta tashi ta tsaya a gefensa, hannayenta a baya kamar yadda ta saba. Shiga nan. Gangara. Cire alamar kalmar sirri. Sai da ya danna ba daidai ba ya sake. Shafin ya yi ta juyawa kafin ya buɗe, don sabis ɗin shagon ba shi da ƙarfi, sannan siririn nan mai hula ya fito. Yaya ya zura masa ido. Ya ajiye wayar a kan kantar, ya miƙa hannu ya zare mabuɗin nan daga ƙusa, ya fita. Bai rufe shago ba, bai ce mata ta jira ba, bai ma ɗauki wayar ba.

Ita ta yi gadin shagon har yamma, a kan bokitin fenti. Duk wanda ya zo ya tambayi mai shago sai ta ce ya je shara. Abin da aka faɗa tsakanin wa da ƙane babu wanda ya ji, ni ma ba zan ƙirƙira ba. Abin da unguwa ta gani shi ne, ranar da aka yi da mai mota, ya zo, ya yi ta hon a ƙofar gida, ya juya ba kaya.

Washegarin gadin shagon aka ba ta gargaɗi a rubuce saboda barin wurin aiki ba izini. Ta sa hannu ba ta yi gardama ba, ta ce gaskiya ne ta bari. Yana nan a fayil ɗinta har yau, kuma na ji shi ya hana ta ƙarin girman da ya kamace ta. Kwamitin ƙungiya kuwa bai taɓa ba da haƙuri ba. Su suna nan da mutuncinsu, ita ce mai tabo a fayil. To a bar mata tabon, mu mun san a ina ta samo shi.

Mai Tsintsiya, ke ce kika ƙi yarda cewa an gyara alhali mutum na tafiya kansa a ƙasa. Ke ce kika hau benen da masu laifin suka ƙi hawa. Ba ki taɓa ƙwace wayar kowa ba, ba ki taɓa cewa kowa jahili ne ba, tsayawa kawai kika yi a kanmu har muka yi abin da ya kamata da hannunmu. Mun gode. Allah Ya ba gwiwar nan lafiya, Ya sa hutun ya yi miki daɗi, ko da yake na san ba za ki zauna ba.

Mu kuma da za ta bari, abin da ta koya mana ba shi da wuya. Kafin ka rantse a kan abin da wayarka ta nuna maka game da wani, ka share ka sake dubawa. In ka ga an gyara kuskure a sama amma bai iso ƙasa ba, kar ka ce ba aikinka ba ne, ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinka. Kuma ku zo taron nan, ku cika ɗakin, kar a bar ta ita da agogon bango.

Na tambayi matar mai famfo ko za su zo. Ta yi dariya ta ce ai tun da aka liƙa sanarwa ake rigima a gidansu. Yaya ya ce a motarsa za a ɗauko Malama, shi ne babba. Ƙanen ya ce ina, wannan haƙƙinsa ne, ko da goyo ne shi zai kawo ta. Jiya na wuce ta bakin titi na hango su a ƙofar shagon, mabuɗin ɗakin baya na reto a ƙugun ƙanen, har yanzu ba su gama gardamar ba.